Ragowar Ruwan Aku

"Na ce ba zan ba ta ba."

"Zuwaira, miƙo min kofin nan."

"Wallahi Malam, ko sama da ƙasa za su haɗu. Kai dubi ruwan mana! Ga ɓawon gyaɗa yana yawo a ciki, ga kashinsa a bakin gwangwanin. Shi zan ɗura wa 'yata?"

Sagir ya dubi gwangwanin madarar da ke hannunsa. Gaskiya matarsa ta faɗa, ruwan ya koma kamar na kududdufi. Amma bai rabu da ragonsa na layya don ya zo ya tsaya duba launin ruwa ba.

"Magani ai ba ya kyan gani," ya ce.

"Maganin me? Shi likitan naka da ka rataye a keji, kwanansa tara a gidan nan, ka ji ya ce uffan? Ya fara warkar da kansa mana."

"Ki iya bakinki."

"Na iya. Na daɗe ina iya shi."

Ta dangwarar da kofin a kan turmi, ta shige ɗaki.

Wadda ake faɗan a kanta tana zaune a gindin darbejiya tana wasa da murfin kwalba. Ilham, 'yarsu ɗaya tilo. Shekararta huɗu da wata uku, ba ta taɓa cewa ko "Baba" ba. Duk hayaniyar nan ko ɗagowa ba ta yi ba. Sagir ya ce a ransa, miskilanci ne, na kakarta ta ɗauko.

An yi rubutu, an yi tofi, an yi hayaƙi. Daga ƙarshe Baffa Ladan, ƙanin mahaifinsa, ya kira shi zaure ya ce masa yaro mai nauyin baki maganinsa ɗaya ne: ragowar ruwan da aku ya sha, kullum da safe, har kwana arba'in. Ya ce da idonsa ya ga an yi wa wani yaro a Burumburum, yanzu yaron har wa'azi yake yi. Sagir bai tambayi sunan yaron ba. Wata biyu yana cigiyar aku daga rumfarsa ta gyaran babur a Yako, har aka haɗa shi da Mujitaba, direban da ke ɗaukar masara daga Ƙafin Maiyaki zuwa kurmi. Ranar kasuwa Mujitaba ya miƙo masa kwali mai huji-huji, ya karɓi igiyar rago, ya ce, "Wannan? Rediyo ne. Sai kun gaji da shi."

Rediyon bai kama ba.

Sagir ya taɓa kiwon tantabaru, ya ɗauka duk tsuntsu tsuntsu ne. Ya kai murfin tsohuwar fanka guda biyu wajen mai walda aka haɗa masa keji. Ya rataye shi kusa da madafa don kada sanyin damina ya kama akun. Kwana biyu tsuntsun yana atishawa, idanunsa suna ruwa, kafin ya gane hayaƙi ne. Ya mayar da shi reshen darbejiya. Ya zuba masa dawa, ya ƙi. Ya gutsura masa tuwo, ya ture da ƙafa. Ya sa hannu zai shafa shi, akun ya cafke masa babban yatsa har farce ya tsage, sati guda yana riƙe sifana da ƙyar.

Masu ba da shawara kuwa ba su yanke ba. Wani ya ce a ba shi barkono, shi ke sakin harshen aku. Wani ya ce a kankare masa harshen da reza. Wani ma jan gashin jelarsa ya zo roƙo, wai zai haɗa magani. Sagir yana jin su yana ɗaure noti. Barkonon dai ya gwada. Akun ya cinye tas, ya ci gaba da shirunsa.

Da ya ga tsuntsun ya fara fige gashin ƙirjinsa da kansa, har fata ta fito, sai ya kira Mujitaba a waya.

"Kai ma dai, Sagir! Tuwo? Surukinka ne? Ɗanyar masara za ka ba shi, da gyaɗa, da gwaiba in ka samu. In rana ta faɗi ka lulluɓe kejin da zane. Kuma ku daina yi masa ihu a ka, baƙo ne, kewa yake yi."

"Yaushe zai yi magana?"

"Ran da ya ga dama."

Tun daga ranar faɗan nan Sagir ya daina neman hannun Zuwaira. Da kansa yake tace ruwan da tsumma mai tsabta, ya tsuguna, ya kafa wa Ilham kofin a baki. Tana sha tana kallon fuskarsa. In ta gama sai ya ce, "Ce Baba." Ta dubi leɓensa. "Ba-ba." Ta yi murmushi, ta sa yatsa ta taɓa masa gemu. Ya tashi ya tura babur ya fita.

Abu ɗaya ne ya ba shi mamaki. Akun da ba ya yarda da kowa, ya yarda da Ilham. Takan jawo kujerar tsuguno ta hau, ta ɓare masara ƙwaya-ƙwaya tana miƙa masa ta tsakanin waya. Bakin da ya tsaga farcen babban mutum, shi ne yake ɗaukar ƙwaya daga yatsunta kamar mai tsoron kada ta fashe. Wani lokaci ya sunkuyar da kai ta sosa masa ƙeya. Sai su yi awa guda a haka, daga ita har shi ba mai ƙara. Gashin ƙirjinsa ya fara tsirowa. Sagir ya ɗauki wannan a matsayin alama. Ya gaya wa Baffa Ladan, Baffa ya ce, "Ai na faɗa maka. Jininsu ya haɗu. Saura baki."

Kwana na goma sha bakwai gudawa ta kama Ilham. Zuwaira ta ɗauko zanen goyo. Ta goya yarinyar, ƙafafunta suna reto har cinya, ta tafi kemis da ƙafa, ta dawo da ruwan gishiri da sukari. Kwana uku Ilham tana kwance, idanu sun faɗa. Kwana ukun nan Sagir bai taɓa gwangwanin ba. Da ta miƙe, Baffa ya ce tunda an tsallake, lissafi ya ɓaci, sai an faro daga ɗaya.

Ya faro.

"Allah ya isa ban ce ba," in ji Zuwaira da safen, tana shara, ba ta dube shi ba. "Amma Allah yana gani."

A sati na shida akun ya buɗe baki. Ba da magana ya fara ba. Ƙarar tayar da babur ya fara yi, irin ta babur ɗin da fulogi ya mutu. Sai carar zakara. Sai tarin Baffa Ladan, har da kakin ƙarshe, wanda ya sa Zuwaira dariyar da Sagir ya manta rabon da ya ji ta. Yaran maƙwabta suka riƙa leƙowa ta katanga. Sagir ya sayo gwaiba cike da leda. Ya ce tunda na kejin ya saki, na ƙasa ma yana hanya.

Ranar wata Laraba hadari ya haɗo tun bayan azahar, kasuwa ta watse da wuri. Sagir ya rufe rumfa bayan la'asar ya nufo gida. Yana cikin jingine babur a zaure ya ji wani namiji yana magana a tsakar gidansa.

"Ilham."

Ya tsaya cak.

"Ilham! Ke Ilham!"

Muryarsa ce. Tasa, ba ta wani ba. Yadda take farawa a hankali, ta hau, ta ƙare da kaushi. Bayanta kuma sai ga dogon tsaki, irin wanda bai san yana yi ba.

Ya leƙa ta ƙofar zaure. Kejin yana rataye a reshensa. Ilham tana zaune a ƙasa, ta ba shi baya, tsakaninsu bai fi taku biyu ba. Totuwar masara ta jera a gabanta, ta yafa wa kowace ƙyalle, tana kwantar da su ɗaya bayan ɗaya.

"Ilham! Ilham! Ke Ilham!" Tsaki.

Kaji suka watse daga gindin bishiyar. Yarinyar ta ɗauki wata totuwar ta gyara mata mayafi.

Da farko farin ciki ne ya taso masa, tsuntsu ya yi magana. Bai kai maƙogwaro ba ya koma. Shi in ya kira ta ta ƙi juyowa, yana da abin faɗa: taurin kai ne, miskilanci ne, tsoronsa take ji. To wannan fa? Wannan da take hana kanta gyaɗa ta ɓoye masa a ƙullin zane? Wannan da in ya motsa fiffike tana gani take rugowa? Ga shi yau ya kira sunanta, karo na farko, da ƙarfin da za a ji a gida na uku.

Sagir ya shigo a hankali, ta bayanta. Farantin silba yana kife a kan randa. Ya ɗauka. Ya zaro sifana daga aljihun wandonsa. Ya matso daf da ƙeyarta, ya kwaɗa.

Akuya ta fizge turke. Akun ya tsala ƙara yana dukan waya da fukafukai. A gidan maƙwabta jariri ya fashe da kuka.

Ilham ta kwantar da totuwa ta biyar.

Ya sake kwaɗawa. Ya sake. Sai da farantin ya loma. A na huɗun ne ya matsa, inuwarsa ta faɗo a kan 'yan tsanarta. Ta waiwayo. Ta gan shi, ta washe baki, ta ɗago masa totuwa ɗaya ya gani.

Zuwaira tana tsaye a bakin madafa, muciya a hannu. Ba ta tambayi abin da yake yi ba. A nan ya gane.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Ka sani."

"Tun yaushe, Zuwaira?"

"Tun zazzaɓin nan da ya sanƙarar mata da wuya. Tana wata bakwai." Ta jingine muciyar a bango. "Da aka sallame mu, ma'aikaciyar asibitin ta ce a kai ta Kano a auna kunnen. Na gaya maka a hanya, a kan babur. Ka ce in daina yi wa 'yarka mugun baki. Na sake gaya maka bayan yaye. Ka yi kwana biyu ba ka ci tuwona ba."

Ya tuna. Har inda suke a hanyar ya tuna, wajen gadar da ruwa ya cinye gefenta. Ya tuna yadda ya ƙara wuta don iska ta tafi da maganar.

"Da kin nace."

"Da na nace." Ta gyaɗa kai. "Ni ma ai so nake ya zama ƙarya. Ran da ka kawo tsuntsun nan, ka san sai da na yi addu'a Allah ya sa Baffa ne mai gaskiya?"

Sagir ya zauna a ƙasa, nan inda yake, farantin a cinyarsa. Shekara uku da rabi. Kullum da safe yana tsugunawa yana cewa ce Baba, tana kallon leɓensa yana motsi kamar bakin kifi. Kullum da yamma yana kira daga zaure, yana ƙarawa da tsaki. Tsuntsu baƙo, wanda bai yi wata biyu a gidan ba, ya haddace. Abin da aka fi faɗa a gidan ke nan.

Iska ta taso, ganyen darbejiya ya fara zuba. Ilham ta tattara 'yan tsanarta a zane, ta zo ta zauna a jikinsa, ta jingina kai a ƙirjinsa. Nan take son sa kai in yana magana. Da yana cewa shagwaɓa ce.

Akun ya gyara tsayuwa a kan sandarsa, ya karkata kai.

"Ilham," ya ce, a hankali wannan karon.

Sagir ya dubi tsakiyar kanta, kitson da ya fara tsufa, da ɗan kunnen roba ja a kunnen hagu. Bai ɗago ba ya yi tambayar, don haka ba a san ko da Zuwaira yake ba.

"Ita ta ma san sunanta ke nan?"