Talotalon da Ya Zagaya Mu

Kun gani, kun kau da kai. Duk shekara idan aka buɗe farautar talotalon daji kuna lura da motocin da ke jeruwa a bakin daji tun asuba, kuma duk wanda ya fito daga ciki furfura ce a kansa. Kuna cewa yaran yanzu ba sa iya zama wuri ɗaya, sai ku ci gaba da shan gahawarku. To, wa ya taɓa tashinsu?

Wannan maganar na yi wa Kawu Delbert, ƙanin mahaifiyarmu, ran da na dawo hutu daga jami'a.

"Ɗan boko ya dawo da wa'azi," in ji shi. "Kinsey za ka kai daji? Yarinyar da ko a coci sai an riƙe mata gwiwa? Sau ɗaya za ta je, ba za ta ƙara ba."

Kinsey ƙanwata ce, shekararta goma sha biyu. Mama ta yarda da safiya guda, ta ce in yarinyar ta dawo tana ƙorafi, zancen ya mutu, kada in sake tayar da shi.

Muka hau tudun da ke bayan gonar Kaka gari bai gama wayewa ba. Na sa ta cire jan safar da ta sako, domin ja da fari da shuɗi launin kan namijin talotalo ne, kuma ba mu kaɗai ne da bindiga a tuddan yankinmu na Ozark ba. Na tsaya na yi kukan mujiya. Daga can ƙasan kwari namiji ya amsa da ƙarfi, har sai da ta damƙe hannuna.

"Yaya Dalton, me ka ce masa?"

"Ban ce komai ba. Duk ƙarar da ya ji a wannan lokaci sai ya tanka."

"Ashe ɗan'uwanka ne."

Muka zauna muka jingina da wata ƙatuwar bishiya, ita da ƙaramar bindigar Kaka a kan gwiwa, bakin bindigar na kallon kwari. Na fito da ɗan akwatin katakon da ake gogawa ya yi kukan macen talotalo. Na goga, ya amsa. Na sake, ya amsa kusa. Sai ya zo bakin wani shingen waya ya toge, yana ta ihu, ya ƙi ƙetarowa.

"Me yake jira?" ta raɗa.

"A wurinsu mace ce ke zuwa. Shi nasa ya baje wutsiya ya tsaya."

"Kamar Kawu Delbert da lokacin abinci."

Na ce ta yi shiru. Na fara yi mata bayani a hankali cewa kakanninmu sun kusa ƙarar da tsuntsayen nan, kuma mafarauta ne suka dawo da su, kuma idan babu masu tasowa...

"Yaya, kai ka ce a yi shiru."

Na ajiye akwatin. Shi ma tsuntsun ya yi shiru. Rana ta fito, ƙafata ta yi sanyi, na soma jin muryar Kawu a kunnena. Na saci kallon Kinsey, na ga tana bin wata kaska da ido a kan wandonta. Na ce a raina shi ke nan, na rasa ta.

Sai ganye ya motsa a bayanmu.

Wanda bai taɓa jin wannan sautin ba ba zai gane ba: wani ɗan tsaki, sannan gunji mai zurfi da ake ji a ƙirji kafin kunne. Ashe namijin ne ya zagaya ta bayan tudu ba tare da ko tari ba, ya zo ya tsaya dab da bishiyarmu, ta gefen da bindiga ba ta kallo. Talotalo yana ganin ƙiftawar ido. Ba juyawa, ba magana. Ta wutsiyar ido na hango shi, ya kumbura kamar ganga, fikafikai na jan ƙasa, gemun ƙirjinsa na lilo, kai ya yi fari fat. Sauro ya sauka a kan hancin Kinsey ya yi zamansa. Ba ta motsa ba. Hawaye ya gangaro mata don ta ƙi ƙifta ido, ba ta motsa ba.

Ya gama nuna kansa, bai ga mace ba, ya sauke wutsiya ya yi tafiyarsa kamar wanda aka ɓata wa lokaci.

Da ya ɓace ta saki numfashi.

"Ka gan shi? Yaya, ka gan shi? Na ji shi a haƙorana!"

"Mun rasa shi dai."

"Ta baya yake zuwa. Gobe ni zan zauna ina kallon tudu, kai ka kalli kwari. Kuma ka bar lacca a gida."

A gida Kawu ya leƙa bayan motarmu ya ga wayam, ya buɗe baki zai fara. Kinsey ta wuce shi ta shiga kicin tana kira: "Mama, a ina agogon nan mai ƙarar tashin mutum yake?"

Kai da kake karanta wannan, akwai yaro ko yarinya a gidanku da ba a taɓa tambaya ba. Daina cewa ba za su iya ba. Kafin kakar farautar bana ta rufe, je ka ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin da asuba, ka ce su sa takalmi.