Mutum Ɗaya Cikin Huɗu

Yaƙi ya shiga shekara ta biyu lokacin da gwamnati ta kawo wa majalisa ƙuduri: kowace ma'aikata ta ba da mutum ɗaya cikin huɗu a kai fagen daga, waɗanda suka rage kuma su riƙa aikin awa goma sha huɗu. Da la'asar za a kaɗa ƙuri'a. Tun da safe shugaban jam'iyya ya bugo wa wani ɗan majalisa waya, ya ce yau ko tari ba ya son ji daga kujerun baya.

Ɗan majalisar ya ajiye waya. Sai ya sa direbansa ya bi da shi ta kamfanin niƙa, inda yayarsa ta shekara ashirin tana ɗinke bakin buhu.

A harabar ya tarar da buhunan gari jibge, wasu an lulluɓa musu yagaggen tamfol. Ga manyan motoci biyar suna jira, 'yan dako kuwa uku ne kacal, duk masu furfura, domin samarin sun tafi fagen daga tun ɗiban farko. Mai kula da injin ya fito da hannu naɗe da bandeji.

"Ranka ya daɗe, gyangyaɗi ne ya sace ni, bel ɗin injin ya tafi da yatsa biyu," in ji shi, kamar labarin wani yake bayarwa.

Yayar tana can ƙuryar sito, kanta fari fat da gari.

"Auta, ɓatan kai ka yi? Ai zaɓe da saura."

"Yaya, ki bari in gaishe ki mana."

"Gaishe ni kana riƙe min wannan." Ta tura masa bakin buhu, ya kama, ta ci gaba da zura basilla.

Ɗanta na fari soja ne, wata goma sha ɗaya rabonsa da gida. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Wai in kun amince za a kai sababbi, a ba su yaron nan hutu?"

"Haka janar ya gaya mana. Kuma ba ƙarya yake ba, sun yi ƙaranci."

"Abokinsa da aka dawo da shi asibiti ya ce sati uku ke nan rabin kwano ake ba su." Ta nuna harabar da haɓa. "Ga sauran kwanon can, ruwa na dukansa."

"To me kike so in yi?"

"Ni? Ina son in ga ɗana. Ina kuma son ya ƙoshi. Kai aka zaɓa, ba ni ba."

A mota ya karanta jawabin goyon baya da jam'iyya ta rubuta masa, ya ninke. Da ma ta zage shi, ko ta roƙe shi, da abin ya zo masa da sauƙi. Ya yi ta juya maganar: duk ɗan dakon da aka ɗauke, an ƙara baki a can, an rage kafaɗa a nan. In kuwa ba a kai kowa ba, wa zai canji sojojin da ke cikin ramukan fagen daga?

Da aka ba shi dama a zauren majalisa, bai ɗaga murya ba. Ya faɗi abin da ya gani, har da yatsun mai injin. Ya nemi a yi wa ƙudurin gyara: a bar masu niƙa da 'yan dako da direbobin motocin abinci a bakin aikinsu, a fara ɗiba daga ofisoshin gwamnati, har da masu gadi da direbobin 'yan majalisa. Wani ya yi ihu ya ce wannan zagon ƙasa ne. Wani dattijon ɗan majalisa da ya rasa 'ya'ya biyu a yaƙin ya miƙe da sandarsa, ya ce ya goyi baya.

Gyaran ya wuce da ratar ƙuri'a shida. Awa goma sha huɗun dai ba ta taɓu ba. Da yake mutanen da aka samu ba su kai yadda janar ya nema ba, aka ɗaga hutun sojoji da wata huɗu. Da ya je ya gaya wa yayarsa, sai ta ce, "Allah ya kai mu," kuma ranar ba ta tsokane shi ba.

Kafin wata ya ƙare sunan direbansa ya fito cikin waɗanda za a kai fagen daga. Mutumin ya kawo makulli ya ajiye a tebur, ya ce, "Ranka ya daɗe, taya ta baya tana son iska. A riƙa leƙa min iyali."

Ɗan majalisar bai iya tuƙi ba, don haka ya koma shiga bas. Wata safiya ya zauna kusa da wani lebura da bai gane shi ba, mutumin yana ta mitar cewa 'yan majalisa ba su san komai ba, a takarda suke ganin mutane.

"Da gaskiyarka," in ji ɗan majalisar. "A ina kake aiki? Ku nawa ne kuka rage?"

Leburan ya gyara zama ya fara ba shi labari, har bas ta wuce ƙofar majalisa bai ce a tsaya ba.