Yanka ko Fiɗa

Baffa ya bi mu asibiti da tabarau da biro uku a aljihu, wai shi zai yi wa Baba tafinta. Turancin nasa kuwa bai wuce na karanta lambar mota ba.

Likita ta ajiye hoton wuyan Baba a kan tebur. Ta ce ciwon daji ya ci maƙogwaro, sai an cire wurin da murya take fita, a bar ƙaramar kafa a gindin wuya don numfashi. Inda aka cire kuma za a cike shi da fatar hannu ko ta cinya. In an bar shi haka, 'yan watanni kaɗan suka rage masa.

Baffa ya gyara zama, ya juyo wajen Inna. "A taƙaice dai, yanka shi za su yi, su yi masa faci kamar taya. Ni ban yarda ba. Tashi mu tafi."

Inna ta fashe da kuka, har ta fara laluben takalmi. Haushi ya kama ni kamar in shaƙe shi. Mutumin da ko kaza aka kama za a yanka sai ya kau da kai, shi ne yau gwanin yanka.

Na faɗa wa Baba ainihin abin da likita ta ce. Bai motsa ba. Shekara talatin yana mahauci. Ya kama yatsan likita ya ɗora a gefen wuyansa, inda jijiya take bugawa.

"Nan fa?" ya tambaya da 'yar muryar da ta rage masa.

Na fassara. Likita ta ce ba za a tsinke ta ba.

"To, ba yanka ba ne, fiɗa ce." Ya yi tari. "Ki ce mata ta ɗauki ta cinya. Hannun ina aiki da shi."

"Yaya, ai ni nake magana a madadinka!" in ji Baffa.

Baba ya zare biro ɗaya daga aljihun Baffa, ya sa hannu a takardar.

Ranar aikin, ana tura gadonsa, Baffa yana gaba yana yi wa ma'aikatan jinya bayanin cutar. Baba ya riƙo hannuna. Na sunkuya, na san ba zan sake jin wannan muryar ba.

"Daga yau ke ce bakina," ya ce. "Kar ki ara masa."