Zanen Gawayi a Bangon Yaya Kaltume

"Inuwa ta taɓa zane, Yaya Kaltume. Buɗe baki."

Ta ƙi. Ta damƙe leɓɓanta kamar yarinyar da aka kawo wa maɗaci, ni kuwa ina durƙushe, ƙwaya a tafin hannu, moɗar ruwa a gefe.

Bari in gaya muku asalin zanen nan. Katanga ɗaya ce tsakanina da Yaya Kaltume, shekara talatin da ɗoriya. Ciwon ƙashin baya ya kwantar da ita a shekarun nan na tsanani, lokacin da tafasa da rama suka koma tuwonmu. Ɗanta Khalilu ya kai ta asibiti a Dawakin Tofa, aka ba ta ƙwayoyi masu ƙarfi. Malamin asibitin ya ja kunne: kada a jira ciwo ya taso, a riga shi, kullum a kan lokaci. To, mu ina muka ga agogo? Sauran lokutan ladan ya ɗauke mana, na hantsi ne ba shi da mai kira. Kafin Khalilu ya koma Kano wajen neman abinci, sai ya zauna da wayarsa yana duban inuwar rumbu tana tafiya a bangon ɗakinta, da lokaci ya yi ya ja zane da gawayi. Ni aka bar wa gadin bangon.

Wata biyar ba mu saɓa ba. Tana ganina sai ta ce, "Ga likita bokan Turai, mai asibiti a moɗa."

Amma ran nan ta ƙi.

"Safiyatu," ta ce, murya can ƙasa, "jiya da na sha, azahar ta wuce ni ina barci. Shekaranjiya ma haka. Jikin nan nawa ne, na san inda ya kai. In Mai kira ya aiko ina cikin barcin ƙwaya, da wane baki zan yi kalmar shahada?"

"Ciwon fa, Yaya? Kin san halinsa."

"Shekara nawa muna tare? Ya zo mana."

"Ko rabi ki sha."

"Ke dai akwai naci. Ajiye ta nan. In la'asar ta same ni, ki ba ni biyu ma."

Na ajiye a kan murfin kwano. Har yau ina tambayar kaina ko daidai na yi.

Ciwon kuwa ya zo. Kafin rana ta take tsaka, gumi ya jiƙa mata ɗankwali, ta riƙe hannuna har yatsuna suka mutu. Sau biyu ina miƙa hannu wajen murfin, sau biyu tana girgiza kai. Da aka kira azahar na kawo mata ƙasa a faifai ta yi taimama, ta yi sallarta a kwance, da idanu. Da ta idar ta dube ni sosai, ta san ni, ta san inda take. Na fara kalmar, ta karɓe ta daga bakina ta kai ta ƙarshe, harafi bayan harafi.

La'asar ba ta same ta ba.

Kwana uku bayan nan, da hantsi, sai ga ni a tsakar gidanta da moɗa cike da ruwa, ban san lokacin da na ɗebo ba. Kajinta suka kewaye ni. Na zuba musu a kasko, na tsaya har inuwar rumbu ta taɓa zanen, ta wuce.