Sarƙar Taya Ta Kwana a Gida

Shekara guda cur Herminia ta yi abin yana cin ta a rai. Hutun sanyin bara, cikin watan Yuli da sanyi ke tsananta a ƙasarsu, surukinta Nibaldo ya kwashi iyali a motar marigayi mijinta Evaristo, tsohuwar mota mai gadaje da murhu a ciki, suka hau dutse wasan zamiya a kan ƙanƙara. Da suka zo wucewa ta kwarin da ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, ya ce a bari sai a dawowa. A dawowar kuma ya ce lokaci ya ƙure. Kwana shida ta yi tana fere musu dankali, gwiwoyinta na zugi, ruwan kuwa tururinsa kawai ta hango ta taga. Alhali shekara talatin Evaristo ya yi yana mata alkawarin kai ta wurin, har ƙasa ta rufe masa ido.

Bana ma ga shi an zauna shayin yamma a gidanta da ke garin Talca, Nibaldo ya baje taswira har gefenta yana shan man wainar kabewa.

"Asabar da sassafe mu tashi, kafin rana ta take muna kan dutse. Yasna, ke da kayan sanyin yara. Mama, girki naki ne, ai babu mai hannunki."

"Ruwan zafin Mama fa?" in ji 'yarta Yasna, murya ƙasa-ƙasa.

"A dawowa."

Herminia ta ƙara masa shayi. "Allah ya kai mu, ɗana."

"Sarƙoƙin taya suna akwatin baya ko?"

"Je ka ɗaga ka ji."

Ya fita, ya ɗaga akwatin da ƙyar, ya dawo yana karkaɗe hannu, wai komai ya yi daidai. Mutumin da ko murfin bai taɓa buɗewa ba! Bara ita ce ta durƙusa cikin ƙanƙara ta ɗaura wa tayoyin sarƙoƙin nan masu hana santsi, yadda Evaristo ya koya mata zamanin yana tuƙin babbar mota, shi kuwa gogan naka yana tsaye yana ɗaukar hoto. To, bana tun ranar Talata sarƙoƙin suke kwance a ƙarƙashin gadonta.

Ranar Asabar, a gindin dutse, ɗan sanda ya tsayar da su a shingen da kowa ya sani: in babu sarƙa, babu hawa. Nibaldo ya sauka yana fito, ya ɓalle akwatin. Dankali ya zubo, ya gangara kan titi.

"Ranka ya daɗe, wannan ai na miya ne," in ji ɗan sandan.

Nibaldo ya bi masu ba da hayar sarƙa a bakin hanya ɗaya bayan ɗaya, babu mai sarƙa daidai tayar wannan tsohuwar mota. Ya dawo fuska murtuk.

"Mama, wa ya yi wannan aika-aika?"

"Ni ce. Ka ce girki nawa ne, na tanadi kayan girki."

Yaran suka fara ƙunƙuni, abin ya ɗan taɓa mata zuciya, amma ba har ta yi nadama ba. Wurin kwanan motoci mafi kusa kuwa yana can cikin kwarin, dab da tafkin ruwan zafi. Babu yadda ya iya, nan ya juya.

Motar na tsayawa ta zaro tawul ɗin da ta goge tun mako guda, ta sauka tana dogara sanda.

"To, abincin rana fa?" Nibaldo ya ɗaga murya daga bakin ƙofa.

"Ga dankali nan buhu guda, wuƙa na inda na bar ta bara. Ni kuma sai a dawowa, ɗana."

Ta shiga ruwan a hankali, ya kai mata gwiwa, ya kai mata ƙirji. Ta lumshe ido, hawaye ya gauraye da tururi a fuskarta.

"Evaristo," ta ce, "motarka ta kawo ni."