Ɗan Kunnen Hajiya Gaji a Idon Majigi

Kwana tara cur ba wanda ya kira Safiyatu ƙunshi a duk unguwar Takur. Ɗan kunnen zinaren Hajiya Gaji ne ya ɓata a bikin 'yarta, ita kuwa Hajiyar ta bi gida-gida tana cewa ba wanda ya raɓe ta ranar sai mai lalle. Shekarar kuwa shari'a na sabuwa, kalmar sata ba abin wasa ba ce.

Ran na goma Safiyatu ta figi mayafi sai shagon Dalyop, mutumin Jos ɗin nan da ya ɗauki hoton bikin. Yana da wani tsohon majigi mai ido uku, ja da kore da shuɗi, ya kai akwatin lefe girma. Da shi yake nuna wa samari ƙwallo.

"Oga Dalyop, ka haska min bikin nan a bango. Kunnen matar nan nake son gani."

"Madam, don kaset aka yi shi. In na jona masa kwamfuta na matsa masa, zai fito da hoto tar, amma wahala zai sha."

"Ya sha! Ni me nake sha?"

Da hantsi aka toshe tagogi da barguna. Hajiya Gaji ta zo da ƙawayenta biyu, wai ta ga ƙarshen rashin kunya. Dalyop ya yi ta murɗa 'yan sukurori har idanun uku suka haɗu wuri guda. Ya ƙara wa hoton layuka don ya fito tar, ya sake ƙarawa, majigin ya kama wani siririn kuka kamar sauro. Sai ga kan Hajiya ya cika bango, har ramukan hodar fuskarta ana ƙirgawa.

Kunnen hagu wayam. Sama kaɗan, a cikin naɗin gwaggwaronta, ga abu yana ƙyalli, ya maƙale.

"Tsaya nan!" in ji Safiyatu.

Hajiya ta ce, "Wannan ai datti ne a bango."

"Dattin ne da ɗan dutse ja, Hajiya? Gida nawa kika shiga da sunana? To wallahi sai kowace ta zo ta gani da idonta."

Dalyop ya ce, "Madam, hoto in ya daɗe a tsaye, ƙonewa yake a cikin idon majigin, inuwarsa ba ta gogewa."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta fita tana buga ƙofofi, ta kwaso Laraba mai ƙosai da matan layi uku. Dalyop ya kai hannu zai kashe, matan suka yi masa ca. Har azahar hoton na tsaye, shago ya cika da ƙauri.

An samu ɗan kunnen a gwaggwaron, can ƙasan akwati. Hajiya ba ta ba da haƙuri ba har yau, sai dai ta aiko a yi wa jikarta lalle. Safiyatu ta ce hannunta na ciwo.

Dalyop kam ya yi wata ba ya amsa gaisuwarta. Don tun daga ranar, duk ƙwallon da ya haska, inuwar kan Hajiya Gaji na nan a tsakiyar fili da gwaggwaronta, 'yan wasa na gudu ta cikin kunnenta.