Farin Ganyen Bodil

Shekara arba'in da ɗaya da aure, Ejnar bai taɓa sa hannu a lambun matarsa ba. Shi dai a bar shi da injin jirgin fito, ita Bodil kuwa da ƙasa da almakashi. Sai da ƙugunta ya karye, idonta kuma ya fara dushewa, sannan lambun ya faɗo kansa, yana tsofai-tsofai da shi.

Daga kujerar da take wuni a bakin taga, abu ɗaya Bodil ke iya rarrabewa a waje, wato kornel ɗin da ta dasa jikin shinge. Ɗan itace ne mai jajayen rassa, ganyensa kore, amma kowanne da farin baki zagaye da shi. Sauran lambun duk ya cakuɗe mata, farin nan kaɗai ke isowa idonta. Likita ya riga ya gaya musu ganin zai tafi a hankali. Don haka kullum da safe, kafin ta kurɓi kofi, sai ta leƙa ta ce, "Yana nan." Ejnar ya yi kamar bai ji ba, alhali abin da yake jira ke nan.

Ya kuwa ɗauki itacen nan da zafi. Ga taki, ga ruwa. Wasu sababbin rassa suka ɓullo daga gindi, kauri-kauri, ganyensu kore shar, suna tsawo kamar ana jan su.

"Tsohuwa, itacenki ya samu mai kula," in ji shi. "Ashe da can wahala yake sha a hannunki."

"Ji bakaniken banza," ta ce tana dariya. "Kar dai ka zuba masa baƙin mai."

A bazara ta biyu Bodil ta daina cewa komai da safe. Ran nan ya tarar da kofinta ya huce, ko taɓa shi ba ta yi ba.

"Ejnar, ya tafi."

"Wa?"

"Farin. Sati uku ke nan ina nema. Idon ya gama, tsoho."

Wayyo. Ejnar ya fita lambu don kada ta ji kukansa. Yana tsaye yana share hanci sai ga maƙwabciyarsu Gudrun ta leƙo ta kan shinge, da ma ita ba ta ganin abu ta ƙyale.

"Kai, wa ya yi wa kornel ɗin Bodil wannan ɓarna?"

"Ɓarna? Ni fa na raya shi!"

"Ka raya mugu dai. Waɗannan korayen, da sun fito ake datse su tun daga gindi, in ba haka ba su danne masu farin. Kowa a layin nan ya sani, ban da kai."

Ejnar ya dubi itacen da kyau, karo na farko a wata da watanni. Babu fari ko ɗigo, ga shi kuma idonsa garau. Ita Bodil a da tsinke korayen take yi in za ta wuce shanya, ba tare da ta ɗauke shi aiki ba, shi ya sa bai faɗo mata a rai ta gaya masa ba. Ya buɗa rassan da hannu biyu. Can ciki ya hango wasu sirara guda uku, sun yi laushi a inuwa, da farin bakinsu.

"Miƙo almakashin," ya ce.

Har azahar yana datsa. Abin alfaharinsa na shekara biyu ya zama tsibi a kan ciyawa, bai ko waiwaye shi ba. Ya shigo hannu duk ƙujewa, ya gyara mata kujera ta fuskanci taga, ya tsaya a bayanta.

Bodil ta daɗe tana kallo. Ta karkata kai, ta matso da fuska har numfashinta ya taɓa gilas.

"Wancan na ƙasa, wajen hagu..." Ta nuna da yatsa. "Me ka yi masa, ya rame kamar figaggiyar kaza?"

"Laifina ne tun farko, Bodil. Ba idonki ba ne."

Ta laluba baya ta kamo hannunsa, ta riƙe gam, ba ta ɗauke ido daga tagar ba.

"Yana nan," ta ce.